Hannaye da yawa a kan zane ɗaya: amsar tela ga 'yarsa ta sana'a

'Yata, tambayarki ta iso. Kin ce wasu iyaye mata suna haɗuwa suna aikin allura, kowacce tana ɗinka hoto a kan ƙyalle, yanzu kuma suna so a haɗa ayyukan su zama babban zane ɗaya da za a rataya jama'a su gani. Sun sa ki a gaba saboda ke ce mai koyon sana'ar. Abin da ya dame ki shi ne hannu ya bambanta: wata ɗinkinta a matse, wata sako-sako, wata kuma ba ta minti goma da allura sai yaro ya kira. Kika ce, "Baba, in warware na waɗanda bai yi kyau ba in sake, ko in dakatar da aikin sai kowa ta iya ɗinki irin nawa?"

Kada ki warware wa kowa, kada kuma ki dakatar. A aikin taro akwai abubuwan da tilas su zo ɗaya, akwai waɗanda in kin daidaita su kin kashe aikin. Rabe su shi ne aikinki a cikin matan nan, kuma yawancinsa kafin a zura zare a allura ake yin sa.

Fara da yadin ƙasa, wanda kowa za ta yi aiki a kansa. Ki samo shi daga bandir ɗaya, auduga zalla mai ɗan kauri, ki wanke shi gaba ɗaya ki goge kafin almakashi ya taɓa shi. Auduga tana tsukewa a wankin farko, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A fili mai santimita 30, wato yankin yadin da mace ɗaya za ta yi aiki a kai, wannan ya kai santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In rabin matan sun yi aiki a kan wankakke, rabi a kan sabo, ranar da ruwa ya taɓa babban zanen zai tattare nan ya saki can, kuma babu dutsen gugar da zai miƙar da shi. Ƙyallayen da za su liƙa a sama kuwa, bar kowa ta kawo nata. Na tsofaffin tufafi ma sun fi, don sun gama tsukewarsu tuntuni, allura kuma tana ratsa su ba gardama. Sababbin ne abin tsoro. Ki jiƙa gefen kowanne ki goga farin ƙyalle a kai. In ya bar launi, a wanke shi har sai ruwan ya fito fes, ko a haƙura da shi. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi zuba. Yadin roba mai santsi da mai miƙewa ki ware su gefe, ba na masu fara koyo ba ne.

Yanka kuma hannu ɗaya ya kamata ya yi shi, da kwali ɗaya. Ki bi zaren yadin, tsaye da kwance, domin wanda aka yanka a karkace miƙewa yake yi a hannu. Ki shata wa kowa filinta da alli, amma ki bar mata rarar santimita 3 a kowane gefe. Dalili shi ne aikin allura yana jan yadi ciki, kuma mai matse zare nata zai fi na kowa shigewa. Rarar nan ita ke shanye bambancin da kike jin tsoro. In duk sun gama, ki ɗora kwalin nan guda a kan kowanne ki datse, sai ki ga duk sun fito girma ɗaya kamar mutum ɗaya ya yi su.

Haɗawa ma haka. Masu haɗa ƙyalle sun saba barin bakin ɗinki na rubu'in inci, kusan milimita 6. Ki ɗauka wata ta ƙara milimita 2 kacal a kai. Kowane ɗinki yana ci daga ɓangare biyu, milimita 4 ke nan. A jere mai fili goma akwai ɗinki tara, kin rasa kusan santimita 4. Jeren da ke ƙasansa, in wata ce ta haɗa shi daidai, ba za su taɓa haɗa baki ba. Don haka keke ɗaya, mutum ɗaya. In ke ce, to ke ce har ƙarshe.

Iyakar abin da za ki riƙe da ƙarfi ke nan. Daga nan ki sassauta hannu.

Akwai wani ƙauye a jihar Alabama ta Amurka da ake kira Gee's Bend, a wani lungu da kogi ya kusan kewaye. Mazaunansa jikokin bayi ne, matansu kuma sun gaji ɗinka barguna da ƙyallayen tsofaffin kayan aikin gona, uwa ta koya wa 'ya, don kawai yara su sami abin rufa lokacin sanyi. Layukansu ba su miƙe ba, kusurwoyinsu ba su haɗu yadda littafin koyarwa ya ce ba. A 2002 aka baje barguna nasu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su wani irinsa mai suna Whitney a New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan wasu a kan tamburan aika wasiƙa. Abin da ya ja idon mutane shi ne ana duban bargo a gane hannun mai shi. Tun 1966 an kafa wata ƙungiyar ɗinki a yankin mai suna Freedom Quilting Bee, wadda ta riƙa yi wa manyan kantuna aiki, kuma aikin kanti dole ya fito iri ɗaya. Ya kawo wa matan kuɗi, ban raina shi ba. Amma waɗanda suka ɗinka a gida yadda ransu ya so, har da ragowar ƙyallayen aikin kantin, su ne duniya ta zo kallo. Ke ki tambayi kanki wanne matanki suke yi. In odar rigunan matashi ɗari aka ba ku, sai a zauna a daidaita hannu. Hoton rayuwarsu suke ɗinkawa, kuma wadda ta ɗinka ɗanta da kai ya fi jiki girma ta san abin da take gani in ta dube shi.

Ba wai babu gyara sam ba. Ki bambanta salon hannu da aibin da zai kwance. Ƙullin da bai kama ba aibi ne. Tsallen zare mai tsawon da yatsa zai shiga ƙarƙashinsa aibi ne, don wata rana wani abu zai ja shi. Ƙyallen da aka liƙa ba a kalmashe bakinsa ba, ba a kuma bi shi da ɗinki mai rufe baki ba, zai zaizaye. Matse zare har yadi ya yi ƙozo shi ma ana faɗa, kuma sau da yawa maganinsa a ɗame yadin a cikin zoben katako ne kawai. Waɗannan ki nuna, amma a kan naki ƙyallen, kina zaune kusa da ita, ta gani ta koma ta gyara da hannunta. Da yawansu sun girme ki, wasu sun haifi kamarki. Ranar da kika karɓi aikin babbar mace kika sa reza a gaban sauran, ba za ta ce miki komai ba, sai dai zama na gaba ki ji an ce yaro ba shi da lafiya.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ta fi ta hannu nauyi. Ku mata kun fi ni sanin raino, ni abin da ya shafi allura zan faɗa. Mu a sana'a mun saba a zauna tun safe a tashi da yamma, shi ya sa muke tsara aikin da ke son dogon zama. Uwa mai shayarwa lokacinta guntu-guntu yake zuwa, kuma ba ita ke zaɓar sa'ad da zai yanke ba. Ki tsara aikin da za a iya ajiyewa a tsakiya a dawo a tarar da shi yadda aka bar shi. Fenti yana bushewa a buroshi, gam yana daskarewa, allura kuwa inda aka soke ta nan take jira. A ƙasar Bengal, wato Bangladesh da gabashin Indiya, mata suna shimfiɗa tsofaffin zannuwa bisa juna su bi su da ɗinki mafi sauƙi, shiga da fita, har da zaren da suka zaro daga bakin zanen. Sunan aikin kantha, kuma da wannan ɗinki guda suke fitar da kifi da tsuntsu da fure. Ana yin sa a hankali tsakanin aikin gida, wani ya ɗauki watanni. Saboda haka kada ki cika su da salo goma. Shiga-da-fita, ɗinkin komawa baya na shata layi, da na rufe baki sun ishe su wannan zanen.

Ki yi wa kowacce 'yar jaka: filinta, ƙyallayenta da aka riga aka riƙe da dogon ɗinki na wucin gadi, da allurai biyu ko uku da zare a zure. Zura zare yana cin rabin ɗan lokacin da ta samu, balle da dare. Tsawon zaren kada ya wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu da ɗan ƙari, kamar santimita 45; wanda ya fi haka harɗewa yake yi yana kuma lisewa. Zaren ado mai sili shida a raba shi biyu-biyu ko uku-uku. Dogon ɗinkin wucin gadin nan ya fi fil, kuma dalilina ba na kyau ba ne: inda yara ke rarrafe ba a son fil. A ƙirga allurai a farkon zama a ƙirga a ƙarshe, a ajiye maganaɗisu a kusa. Maɓalli da duwatsun ado a bar su sai ƙarshe, a ɗinka su a inda babu ƙananan yara, don duk abin da ɗan ƙasa da shekara 3 ya tsinta baki yake kai wa.

Kada ki sa dokar a bar yara a gida, in kin sa ta kin sallami rabin taron. A Los Angeles a shekarun 1970 wasu mata masu fasaha da ke da 'ya'ya sun kafa ƙungiya mai suna Mother Art, don wuraren fasaha na lokacin ba su yi tanadin mai ɗa ba. A 1977 suka kai ayyukansu shagunan wanki na inji, suka auna tsawon kowane nuni da lokacin da inji ke ɗauka ya wanke ya busar, tunda nan ne mata suke zaune suna jira. Ku ma ku auna zamanku da abin da matan ke da shi. A riƙa karɓa-karɓa, biyu suna tare da yara sauran suna ɗinki, kuma yaran da suka ɗan tasa a ba su ƙyalle da alli su yi nasu.

In filaye sun dawo, ki shimfiɗa su a ƙasa kowa tana nan, a yi ta musanya musu wuri. Mai cunkoso a sa shi kusa da mai sarari, masu duhu a warwatsa su kada su taru a kusurwa ɗaya. Sannan ki raba tsakaninsu da siririn yadi mai launi ɗaya, faɗin yatsa uku, ki kewaye duka da shi. Wannan siririn yadi yana yin abin da kike son yi da reza: ido yana ganin tsari ɗaya, kowane fili kuma yana nan da halinsa.

Saura abin da ke raba irin wannan taro, kuma ba ɗinki ba ne. Tun ran gini ran zane: kafin a fara, a zauna a yanke na wane ne zanen in an gama, wa zai ajiye shi, in wani ya taya za a sayar ko a'a, in an sayar yaya za a raba, wa ke da izinin ɗaukar hotonsa ya yaɗa. A rubuta a littafi kowa ta ji. Matan Gee's Bend da na ambata sun kafa ƙungiyarsu ta sayarwa a 2003, inda wani kaso ke zuwa ga mai bargon, sauran ya shiga hidimar ƙungiya da rabon membobi. Duk da haka a 2007 sai da wasunsu suka je kotu a kan haƙƙin ayyukansu da ke hannun dillalai. Suna yana zuwa da masu son cin moriyarsa.

Batun sa suna ma kowa ita za ta zaɓa. A ƙasar Chile bayan juyin mulkin soja na 1973, iyaye da matan waɗanda aka kama aka ɓatar sun riƙa taruwa ƙarƙashin inuwar cocin Katolika suna ɗinka abin da ya same su a kan yankin buhu, wani lokaci da ƙyallen tufafin wanda ya ɓace. Ana kiran ayyukan arpillera. Yawanci ba sa sa suna don tsoron hukuma, amma wasu sukan ɗinka ɗan aljihu a baya su cusa takarda mai bayanin hoton. Matanki ba sa cikin irin wannan hali, sai dai uwa in ta sami allura da sarari takan ɗinka abin da ba ta faɗa da baki: ɓari, rashin lafiyar ɗa, kewar wanda ya yi nisa. Mai son sunanta ya fito ta ɗinka shi da zare a kusurwar filinta. Wadda ba ta so, ki rubuta nata a littafin kawai, kada kuma ki yi wa baƙi bayanin filinta sai ta yarda. A bayan zanen a liƙa farin ƙyalle mai shekarar da aka yi shi da sunan taron.

Wajen ratayawa, ki yi masa shafi, ki ɗinka dogon aljihu a bayansa ta sama daga gefe zuwa gefe a zura sanda, nauyin ya rabu daidai. Ƙusa a kusurwa biyu yaga shi za ta yi. A nisanta shi da bangon da rana ke bugawa, don launin da ya koɗe ba ya dawowa. Wadda za ta ajiye shi ta nannaɗe shi a jikin sanda, fuskar aikin tana waje, ta rufe da tsohon zanen gado na auduga. Leda tana riƙe danshi, ninki kuma a wuri ɗaya yana karya zare.