Turkawan Usmaniyya suna da hakimai?

Tambaya: Malam, Daular Usmaniyya ta Turkiyya tana da hakimai da dagatai irin namu? Daga wani manomi, ƙasar Ringim.

Amsa: Da ɗan kama. A zamanin daular, babban lardi, eyalet, yana hannun gwamna, beylerbey, an yanka shi gunduma-gunduma, wato sanjak. Alƙali kuwa daga Istanbul ake naɗo shi. A ƙauye sojan doki ke cin harajin gonaki, wato timar, abin da bai kai akce (kuɗin azurfarsu) 20,000 ba a shekara, in an buga tambarin yaƙi ya fita. Ƙasar dai ta sarki ce. Da bindiga ta rage wa doki daraja, aka koma sayar da izinin karɓar haraji, daga 1695 har na tsawon rai. Mai saye kuwa talaka yake tatsa ya mai da kuɗinsa.