Amsa: Nijar bayan ficewa daga ECOWAS

Malam, ka tambaya wace hanya ta rage wa Nijar tunda ficewarta daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso ta tabbata a Janairun 2025. A ganina biyu ce. Ko su zauna su ƙulla yarjejeniyar ciniki da ECOWAS, kamar yadda Birtaniya ta yi da Tarayyar Turai a 2020, ko su tsaya kan ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES, haraji ya dawo kan iyaka. Ga kuma kuɗin sefa, har yau shi suke kashewa.

Wallahi ta farkon nake fata. Da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a 2023, maƙwabcina a Tudun Wada mai sayo wake daga Maraɗi wata da watanni ya yi zaune, buhunansa a ninke a zaure.