Amsa: Wa ke kula da tauraron ɗan Adam mai auna ƙurar hunturu?

Malam, ka tambaya daga Garwa ko taurarin da ke auna hazon hunturu suna tafiya ne da kansu, ba mai duba su. A'a, akwai masu gadinsu dare da rana.

Ɗauki misalin Aura, wanda hukumar NASA ta harba a 2004. An ɗora shi a nisan kilomita 705 daga doron ƙasa, yana kewaya duniya cikin kusan minti 99, kuma an tsara hanyarsa yadda zai ratsa sararinmu da misalin azahar, lokacin da hasken rana ya ishi na'urarsa ta OMI ta gano iskar ozon (mai kare duniya daga hasken rana mai cutarwa) da ƙura, har da wadda ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi ta rufe mana gari.

Injiniyoyin cibiyar Goddard a Amurka ne ke kula da shi. Idan ya bi ta saman tashoshin ƙasa na Alaska ko Norwe, 'yan mintuna kaɗan ake da su, a cikinsu za a sauke bayanan da ya tara, a duba cajin batir da zafin na'urori, sannan a loda masa umarnin gaba. Idan wani tarkace mai yawo a sararin samaniya ya doso shi, sai a lissafa ko ya kamata a kauce.

A ganina, aikin da ya fi wuya shi ne lallaɓa tsohuwar na'ura, domin ba a aika makaniki can. Tun 2007 wani sashe na idon OMI ya samu cikas, don haka ake ware ma'aunin wannan sashen kafin a fitar da taswira.