Kafin a sayar da filin Yaya

Assalamu alaikum ɗana. Ina fata kana lafiya, da mahaifiyarka da ƙannenka.

Saƙonka na murya ya iso, sau biyu na saurare shi a jirgin ƙasa ina dawowa daga aiki. Ka ce ka gama digirin zane a Zariya, ka yi bautar ƙasa, yanzu kana so ka zo Ingila digiri na biyu a zanen hotunan littattafai, har Yaya ta amince a sayar da filinta. Sannan ka ce abokanka suna maka dariya, wai ƙirƙirarriyar basira ta riga ta yi wa sana'ar zane jana'iza. Kana so Kawu ya raba gardama.

To, shekara goma sha ɗaya ke nan ina cin abinci da wannan sana'a a ƙasar nan, abin da idona ya gani zan gaya maka.

A 2022 abin ya faɗo mana. Manhajojin da ake rubuta wa umarni su fitar da hoto suka fito a jere: DALL-E 2 a watan Afrilu, Midjourney a Yuli, Stable Diffusion a Agusta. Kafin mu farga, wani mutum mai suna Jason Allen ya ci gasar zane a bikin baje kolin jihar Kwalarado ta Amurka da hoton da Midjourney ya haɗa masa. A lokacin dariya muke yi a ofis, muna nuna wa juna hannaye masu yatsu shida da haƙora kamar na kada. Yau babu mai wannan dariyar.

Ga abin da ya canja a wajen aikinmu. A da, idan kamfani ya kawo kwangilar talla, akwai yara biyu ko uku sabbin shiga da ake ba su zanen gwaji, su yi kwana huɗu suna fitar da samfuri iri-iri, maigida ya zaɓi uku ya kai wa mai kaya. Da wannan aikin na koyi sana'ar, da shi na biya kuɗin haya shekarata ta farko. Yanzu maigidan da kansa yake zama gaban kwamfuta tsakanin azahar da la'asar ya fitar da samfuri arba'in. Ba a kori kowa da hayaniya ba. Yaran dai sun tafi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a ɗauki wasu ba. A 2024 ƙungiyar marubuta ta nan, Society of Authors, ta tambayi 'ya'yanta, kashi 26 cikin ɗari na masu zanen littattafai suka ce sun riga sun rasa aiki saboda waɗannan na'urori. Kai kuwa wannan kujerar da aka ɗauke, ta sabon shiga, ita za ka zo nema, ga ka baƙo.

Kada ka sa rai kotu za ta gyara maka. An horar da Stable Diffusion ne da wani rumbu mai suna LAION, hotuna sama da biliyan 5 da aka kwaso daga intanet ba tare da an yi wa masu su ko sallama ba. Akwai wani mai zane ɗan ƙasar Folan, Greg Rutkowski, da mutane suka riƙa sa sunansa cikin umarnin da suke ba na'ura don ta kwaikwayi hannunsa, har neman ainihin aikinsa a intanet ya zama wahala. A Janairun 2023 wasu masu zane uku suka kai ƙara a Kalifoniya, kamfanin hotuna na Getty ma ya kai Stability AI, kamfanin da ke da Stable Diffusion, kotu a Landan. Da aka yanke hukuncin Landan a Nuwamban 2025, Getty bai samu mafi yawan abin da ya nema ba. Shari'a saɓanin hankali.

Amma abokanka sun yi saurin haƙa kabari.

Na'ura ta iya fitar da hoto mai ɗaukar ido. Abin da ke ba ta wuya shi ne gyara. Mai kaya zai ce maka yarinyar shafi na 7 ita ce ta shafi na 19, amma a nan ta yi kuka ta gaji, kuma kada ɗankwalinta ya canja launi, kuma a bar wuri a gefen hagu don rubutu. Sai ya dawo gobe ya ce ya fasa. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski, kuma mai kaya yana son mutumin da zai kira a waya ya tuhuma. Ga kuma batun mallaka: ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton Allen ɗin nan rajista a 2023, domin a wajensu sai abin da ɗan Adam ya ƙirƙira. Kamfanin da yake so ya mallaki surar da zai buga a littafi da riga da jakar makaranta ba zai so kowa ya iya ɗauka kyauta ba.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa ban ce maka ka watsar da alƙalaminka ba. Bara wata ƙaramar maɗaba'a ta kira ni. Littafin yara suke yi a kan hawan sallah, sun yi tsimi sun haɗa hotunan da na'ura, sai wata malama 'yar Najeriya ta gani ta ce ba za ta kai wannan ajinta ba. Da na buɗe hotunan sai da na riƙe baki. Sarki da rawanin Indiyawa. Babbar riga fara fat kamar zanen gado, babu aska biyu balle aska takwas, aikin wuyan wasu 'yan layuka ne da ba su fara ko'ina ba, ba su ƙare ko'ina ba. Doki da sirdin kaboyi. 'Yan lifida sun zama sojojin Turawa na zamanin da, da sulken ƙarfe tun daga kai har ƙafa. Gidan sarki kuwa daga Maroko aka aro shi, babu zanko ko ɗaya, dagin da ke bango ya warware kamar taliya. Kuma wallahi hotunan sun yi kyau, hasken rana da ƙurar dawakai kamar ka taɓa. Wanda bai taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar Hawan Daushe ba, ba zai ga aibin komai ba. Na'ura abin da ta fi gani take maimaitawa, mu kuwa hotunanmu kaɗan ne a rumbunta, waɗanda ke ciki ma yawanci ba a rubuta sunan komai a jikinsu ba. Mako shida na yi ina sake zana littafin, kuma shi ne aikin da ya fi kawo mini kuɗi a shekarar.

Ka lura, abin da aka biya ni dominsa ba a Landan na koyo shi ba. A zauren kakanka na koyo shi, ina kallon masu ɗinkin riga.

Sai lissafi, wanda na san dillalan biza ba sa yi maka. A manyan makarantun zane na Landan kuɗin shekara ɗaya ga baƙo yakan haura fam dubu 25, wasu sun wuce 30. Za ka nuna kuɗin zama sama da fam 1,400 a wata har na wata tara, ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara. Bizar ɗalibi ta yarda ka yi aikin sa'a 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana ka aikin kanka. Wato ko bangon littafi ɗaya ba ka da izinin karɓar kwangilarsa, alhali mafi yawan masu zanen littattafai da kwangila suke rayuwa. Bayan ka gama akwai bizar neman aiki ta shekara biyu, ita ma za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Daga nan sai ka sami kamfanin da zai tsaya maka, da albashin da hukuma ta ƙayyade, fam 41,700 tun Yulin 2025. Akwai ragi ga sabbin masu digiri, amma ko da ragin sai albashin ya haura dubu 30, kuma ba kasafai na ga an ba sabon shiga a zane irin wannan albashi ba. Na san yara masu hannu kamar me da yanzu suke aikin kula da tsofaffi, suna zane da dare in barci bai kwashe su ba. Halak ɗinsu suke nema, ban raina ba, amma ba don wannan iyayensu suka sayar da gona ba.

Saboda haka ni ban yarda a taɓa filin nan ba. Idan rabonka na nan, ka zo da tallafin karatu. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, suna neman wanda ya yi aikin shekara biyu, kuma sharaɗinsu ka koma gida na shekara biyu bayan karatu. Shekara biyun farkon ka yi su da gaske. Ka koyi na'urorin nan sosai, ka san inda suke ƙarya, domin duk inda ka je aiki yanzu sai an tambaye ka. Sannan ka ɗauki littafinka da fensir ka zana bakan gizon rufin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura tun a shekarun 1830. Ka zauna da masu ɗinkin hula da 'yan marinar Ƙofar Mata, ka tambayi sunan kowane zane ka rubuta. A makarantar da ka gama ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce ba za su yi ta kwafar malamansu Turawa ba, kowa ya koma ya tono zanen gidansu. Ina mamakin yadda ɗalibai suke haddace wannan tarihi don jarrabawa, sannan su cika kundin ayyukansu da jaruman katun na Japan. Naka ma na gani a Instagram, kada ka yi musu.

Ka turo mini zane goma sha biyu, kowanne tare da gwaje-gwajen fensir da ka yi kafin ka kai gare shi, har da waɗanda ka soke. Masu tantancewa a nan su suke fara dubawa yanzu, don su tabbatar hannun mutum ne. Akwai wata edita da zan nuna wa idan sun yi.

Maganar fili kuma ka bar mini, ni zan kira Yaya ranar Juma'a bayan an sauko. Ka gaishe ta, ka ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.

Kawunka.