Tambaya da Amsa: Karatun kimiyyar noma

Tambaya: Ina son karanta kimiyyar noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, amma mahaifina ya ce noma ba ya buƙatar lakwal. Mene ne shawararku? Wata ɗaliba, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Ƴata, mahaifinki ya san ƙasa, kada ki yi masa gardama, ki kai shi rumbu. Ina yaro, na sha ganin mahaifiyata ta kwance buhun wake ta tarar ƙwari sun huda kowace ƙwaya, gari na zuba ta tsakanin yatsunta, shi ya sa muke sayarwa da kaka a kan araha. Yau ina ajiye wakena a buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka yaɗa tun 2007 tare da masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin noma ta ƙasar Nijar. Leda biyu ce cikin buhu ɗaya; idan aka ɗaure kowace da kyau, ƙwarin sukan cinye iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Da kuɗin waken bazara nake biyan karatun ƴaƴana.

Ki roƙe shi ku je tashar INRAN ta Tarna tare, ya yi wa ma'aikatan tambayoyinsa da bakinsa.