Hukuncin narkar da maganin allura da itanol

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Harhaɗa magunguna ne aikina. Muna da maganin allura da ba ya narkewa a ruwa, sai ya kwanta a gindin kwalba. Man riɗi na narkar da shi, amma ta jijiya ake ba da shi. Da muka sa itanol kaɗan, wato alkohol irin wanda ke cikin giya, sai ya narke. Wani abokin aikina ya ce giya nake ɗura wa Musulmi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, cewar da ka yi ta jijiya ake ba da shi, a nan hukuncin ya rataya. Da a tsoka ake yin ta, da na ce ka tsaya ga man riɗin. Amma mai zalla ba ya shiga jijiya, yana iya toshe hanyoyin jini a huhu. Ke nan ba madadi ba ne, aikinka ya halatta. Haka Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta zartar a Makka a 2002: alkohol kaɗan da haɗin magani ke bukata, in babu madadi.

Abokin naka zai kawo hadisin da aka ce giya ba magani ba ce, cuta ce. Hadisin ingantacce ne, amma a kan wanda ya mai da giyar kanta magani yake. Kai ba da itanol kake neman waraka ba, ɗauko maganin kawai yake yi. Zai ƙara da cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa haramun ne. Wannan abin sha ake nufi. Allurar fenitoyin ta masu farfaɗiya tana da alkohol kashi 10 cikin 100. Wanda ya yawaita ta, zuciyarsa za ta tsaya tun bai bugu ba. Najasar giya kuwa ra'ayin jumhur ne, wato mafi yawan malamai, Rabi'a da Laisu bn Sa'ad sun saɓa, balle itanol ɗin masana'anta da ba don sha aka yi shi ba.

Sai dai kada sauƙin kuɗi ya zama larurarka. Kuma na fi jiye maka tsoron abin da ba ka tambaya ba. Ka binciki gilisarin ɗinku, wannan ruwa mai kauri da ake sawa a haɗin magani, daga tsiro yake ko daga kitsen alade. Ka sa a gwada kowace durom ta gilisarin, domin dayetilin gilaikol, guba mai kama da shi da ke iya gurɓata shi, ya kashe mutum fiye da 100 a Amurka a 1937. Abokinka kuma ka yi masa bayani da taushi, kishin addini ne ya motsa shi.

Wallahu a'alam.