Ku Tambaya, Mu Amsa: Burtali, Fadama da Filin Bakin Kogi

Tambaya daga wani manomi a yankin Ngong, a arewacin Kamaru: Assalamu alaikum. Gonar audugata tana dab da hanyar shanu, kuma duk shekara sai an kai ruwa rana da makiyaya. Yanzu an ce ƙaramar hukumarmu za ta yi tsarin ƙasa, a shata burtali. Yaya ake wannan aiki, kuma gonata za ta tafi ke nan?

Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar yankinku ta daɗe tana taruwa. Tun shekarun 1970 manoma ke gangarowa daga jihar Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai, auduga ta bazu bayan kafa kamfanin Sodecoton a 1974, shanu suka ƙaru, ga gandun dajin gwamnati sun kama fili mai yawa. Ƙasar da a da take ɗaukar kowa yanzu ta matse.

A dokar filaye ta Kamaru ta 1974, duk ƙasar da ba ta da takardar mallaka tana cikin filin ƙasa da gwamnati ke riƙo, ko da Lamiɗo ko Jauro ne ya ba ka ita. Akwai kuma dokar 1978 kan rikicin manoma da makiyaya, wadda ta kafa kwamiti a kowace gunduma. Sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gundumar, shi ne shugabansa, sai wakilan ofishin filaye, na gona, na kiwo da masu awon ƙasa, da mai gari da dattawansa biyu, da manomi da makiyayi ko Arɗo. Mutane sun san kwamitin da zuwa ƙiyasta ɓarna bayan shanu sun shiga gona, alhali dokar ta ba shi aikin da ya fi wannan: raba ƙasa zuwa ta noma, ta kiwo, da wadda ake amfani da ita bi da bi.

Aikin kirki da ƙafa yake farawa. A bi hanyar daga farkonta zuwa ƙarshenta tare da tsofaffin gari da makiyaya, mai na'urar GPS yana ɗaukar lamba a kowace kwana, kowace mashaya da kowane mahayin rafi. Taswira biyu ake yi, ta damina da ta rani, domin inda yake mashaya a watan Maris gonar shinkafa ce a watan Agusta. Lokacin taron ma abin lura ne. In aka kira shi sa'ad da masu yawon kiwo suka yi nisa, to an yanke hukunci a bayan idonsu, kuma ba za su bi shi ba.

Faɗin da aka saba ɗauka mita 50 ne, wato 25 kowane gefe daga tsakiyar hanya. A kowane kilomita 15 zuwa 20, wanda shi ne kimanin tafiyar garke ta yini ɗaya, a ware zango mai ruwa da ɗan fili na kwana. In babu wannan zango, yunwa da ƙishi za su tura shanun cikin gonarka ko da an zana layi da jan fenti. Sai a kafa turakun siminti biyu-biyu suna fuskantar juna, a tazarar da mutum a tsaye wajen ɗaya zai hango na gaba ko ciyawa ta yi tsawo. A ƙasar laka mai tsagewa da rani, turken da ba a zurfafa gindinsa ba damina biyu ta ishe shi kwanciya. Shi ya sa ake haɗawa da shingen aguwa ko bini-da-zugu, waɗanda shanu ba sa ci. Bayan haka kowa ya sa hannu a takardar zama, a kai ta hukuma ta fitar da ita a matsayin umarni, a bar kwafi wajen Lamiɗo, Arɗo da ofishin magajin gari.

Abin da ke kashe burtali a sannu yake zuwa. Kashin shanu ya mayar da shi ƙasa mafi taki a garin, sai mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya, na hagu ma ya ƙara. Mita ɗaya kowane gefe a shekara, cikin shekara goma 50 ta koma 30. Kuma hanyar kilomita ɗari in ta toshe a wuri ɗaya, duka ta mutu. Don haka dole a naɗa 'yan sa ido su zagaya kafin shuka, ba bayan auduga ta yi fure ba.

Game da gonarka, ka halarci zagayen da kanka, ka sa a rubuta iyakarka da shekarar da ka fara nomanta. In layi ya ci wani ɓangare, ka nemi a yanka maka madadi a rubuta shi cikin takardar zaman kafin a kafa turke. Alƙawarin baki a irin wannan zama ba ya kai badi.

Tambaya daga sakataren wata ƙungiyar makiyaya kusa da Bogo: An ce mu kawo adadin filin kiwon da muke buƙata. Ta yaya za mu lissafa?

Alhaji, ga ma'aunin da masana kiwo ke aiki da shi. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin kimanin kilo 6 da kwata na busasshiyar ciyawa a yini, wato wajen kilo 2,300 a shekara. Ba duk abin da fili ya fitar ke shiga cikinta ba. Tattakewa, gara, iska da gobara suna cin kasonsu, kuma dole a bar saura ya rufe ƙasa, saboda haka kashi ɗaya cikin uku kawai ake lissafawa. Mu ɗauka hekta ɗaya ta ba da tan 2: abin ci kilo 660 ke nan, saniya ɗaya na son hekta uku da rabi, shanu 200 kuma hekta 700.

Kada ku ari wannan tan 2 ɗin, misali ne. Ku auna naku a ƙarshen damina: ku yanke ciyawar murabba'in mita ɗaya a wurare 20 zuwa 30 mabambanta, ku shanya har ta bushe ƙayau, ku auna, ku fitar da matsakaici, ku ninka sau 10,000. Ku cire watannin da garke ke cin karan dawa a gonaki ko yake Yayre, wato babbar fadamar da kogin Logon ke malalewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne aunawa a shekarar da ruwa ya yi albarka, a gina lissafi a kanta.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Pus: Me ya sa dattawa ke cewa madatsar Maga ta cuci Yayre, bayan ita ke ba mu shinkafa?

Malam, gaskiya biyu ce a nan. An gina madatsar Maga a 1979 tare da jinga a bakin Logon domin shinkafar kamfanin Semry, kuma dubban iyalai na ci daga gare ta. Amma Yayre ambaliya ce rayuwarta. Kogi ya cika ya malale fadama, kifi ya hayayyafa a cikin ciyawa, ruwa ya janye masunta su kama, sai shanu su shigo su ci ɗanyen toho har ƙarshen rani, namun gandun Waza ma da wannan ruwan suka dogara. Da aka tare ruwan, ga farin shekarun 1980 ya zo a kai, ciyawa mai saiwa da ke tohowa bayan ƙuna ta ja baya a fili mai faɗi, wadda ke bushewa da wuri ta maye gurbinta. An auna ribar shinkafa, ba a auna asarar kifi da nono ba, tunda su ba sa bi ta ofishin kowa.

A 1994 aka sake buɗe wata mashigar ruwa da jingar ta toshe, ruwa ya koma wani sashe na fadamar, kifi da ciyawa suka farfaɗo a can. Damuwar yau ita ce magudanan da masunta ke haƙawa don tare kifi lokacin janyewar ruwa. Yawansu na zuƙe fadama da wuri, kuma shanu na faɗawa ciki. Rikicin da ya ɓarke a yankin Logon Birni a 2021 tsakanin masunta da makiyaya, har dubban mutane suka tsallaka Chadi, a kan ruwa da irin waɗannan ramuka ya taso. Tsarin da ya dace da fadama na kalanda ne: ranar buɗe magudanan, ranar shigar shanu, inda aka hana sabon haƙa, da mahayin da za a bar wa garke a kan kowace magudana.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Garwa: An yi mini tayin fili mai araha kusa da Binuwai. In saya?

Hajiya, a dakata tukuna. Mita 25 daga inda ruwa ke kaiwa in kogi ya cika maƙil filin hukuma ne, ba ya sayuwa. Ki tambayi tsofaffin unguwar inda ruwan 2012 ya tsaya, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo, ki duba tabonsa a jikin tsofaffin katangu. Ki nemi takardar shaidar tsarin gari a ofishin magajin gari, ita ke nuna ko an yarda a yi gini a wurin. In filin ba shi da takardar mallaka, cinikinsa ba shi da ƙarfi a gaban doka, in kuma yana da ita, a gaban notar, wato jami'in doka mai tabbatar da takardun ciniki, ake yin sa. Arahar da kika gani, ruwa ne ya rage kuɗin.

Tambaya daga wani mai karatu a Cholire: Garinmu na tsakanin gandun dajin Binuwai da na Buba Njidda. Ina za mu yi noma?

Malam, gandun Binuwai hekta 180,000 ne, Buba Njidda 220,000, Faro 330,000, kuma tsakaninsu akwai yankunan farauta da gwamnati ke ba da haya. In an haɗa, sun haura kashi 40 cikin ɗari na jihar Arewa. Amfanin yankunan farautar shi ne su zama hanyar da giwa, ɓauna da gwanki ke bi daga wannan gandu zuwa wancan, don haka gonar da aka sare a tsakiyar hanyar ita ce ta farko da giwa za ta tattake.

Abu uku za ku nema a rubuce. Na farko, taswirar da ke nuna filin noman garin tare da ƙarin da zai ishi 'ya'yanku na shekara 15 zuwa 20, domin iyakar da aka ja daidai bakin gonakin yau ba ta daɗewa. Na biyu, bayanin kason da doka ta ware wa ƙaramar hukuma da garuruwan kewaye daga kuɗin hayar yankin farauta, da inda ya shiga. Na uku, taimako kan raya gonar da ke hannu, tunda gajiyar ƙasa ce ke tura mutum saran sabon daji. Ku juya auduga da masara da gyaɗa ko waken suya, ku daina ƙona kara, ku ƙulla yarjejeniyar taki da makiyaya bayan girbi, ku bar tohon gawo 30 zuwa 40 a kowace hekta kuna yi masa sassabe. Gawo na zubar da ganye da damina, saboda haka inuwarsa ba ta danne shuka, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a tsakiyar rani.